BABI NA HUƊU: TAWALI'U A ADDU'AR KIRISTA BAHAUSHE A YANKIN DAWAKIN KUDU DA KURA DA BUNKURE

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin yadda addinin Kirista ya sami gindin zama a tsakanin wasu Hausawa, tun daga zuwan Bishof Tugwell da Likita Walter Miller birnin Kano a shekarar 1900, inda Sarki Alu ya sallame su ba tare da sun daɗe ba, har zuwa kafuwar Wusasa da bazuwar mishan ɗin SIM a ƙauyukan Maguzawa, wanda daga cikinsa ne cocin ECWA ta fito a 1954. A wannan babi kuwa za a ɗauki addu'ar Kirista Bahaushe a feɗe ta a matsayin magana mai zubi da tsari da salo, kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar feɗe waƙa. Jigon da za a bi shi ne tawali'u, wato yadda mai addu'a yake ƙasƙantar da kansa idan ya zo gaban Allah. Abin da ake son ganowa shi ne ko harshe da al'adar Hausa sun ɗauki wannan jigo yadda Littafi Mai Tsarki ya zo da shi, ko kuwa sun karkata shi wani gefe. Kiristocin wannan yanki ba su da yawa, kuma zaune suke a tsakiyar Musulmi, suna noma tare, suna cin kasuwa tare. Don haka kowace kalma da suke addu'a da ita tana da wata ma'ana da maƙwabta suka riga suka ba ta.

4.1 Kalmar Tawali'u da 'Yan'uwanta

Tawali'u ba asalin Hausa ba ce. An aro ta ne daga kalmar Larabci tawadu'u, kuma harafin ladi da ke cikinta ya koma "l" a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a alƙali da alwala da lalura da farilla. Ta hanyar malaman zaure da waƙoƙin wa'azi ta shigo, don haka tun kafin masu fassara su taɓa ta, ta riga ta zama kalmar ibada. Waɗanda suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da waɗanda suka sabunta fassarar a 1979, sun tarar da ɗimbin kalmomi irin wannan: addu'a, zunubi, tuba, gafara, sujada, tawali'u. Sun yi amfani da su, kuma sun yi daidai, domin ƙirƙiro wasu sababbi zai sa littafin ya zama baƙo a kunnen mai saurare.

Sai dai aron yana da nasa cikas. A lacca da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar mai suna Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, ya lissafa halayen da Bahaushe yake auna mutum da su, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci. Tawali'u ba ya cikin jerin. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a zancen yau da kullum ba kasafai ake ji an ce wane mai tawali'u ne ba. An fi cewa yana da ladabi, ko ba shi da girman kai, ko yana da sauƙin kai. Ke nan idan manomi a Bunkure ya ji mai wa'azi ya ambaci tawali'u, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ladabi da kunya, wato abubuwan da ido yake gani: rusunawa da sunkuyar da kai da sassauta murya. Littafin kuwa ya fi nauyaya abin da ke ɓoye a zuciya. Daga nan ne tazarar da wannan babi yake bi ta faro.

Akwai kuma wata kalma da ya kamata a rarrabe, wato ƙasƙantar da kai da ƙasƙanci. Na farko mutum ne yake yi da son ransa, na biyu kuwa yi masa ake yi. Al'ummar da ta fito daga Maguzanci ta daɗe tana jin ana ambaton ta da raini, kuma tun bayan rikicin da ya tashi a Kano a watan Oktoba na 1991 a kan taron wa'azin Bajamushe Reinhard Bonnke, ƙananan majami'u na karkara suna da dalilin yin kaffa-kaffa. Saboda haka ba duk sassauta murya a majami'a ba ne za a kira tawali'u. Wani tsoro ne, wani kuma zaman lafiya da maƙwabta ake nema. Manazarcin da ya haɗa su wuri ɗaya ya yi kuskure.

4.2 Zubin Addu'a da Inuwar Fada

Idan aka saurari addu'ar da dattijo yake yi da ka a sujadar Lahadi, wato wadda ba a littafi aka karanta ba, za a ga tana da zubi mai gaɓoɓi huɗu a mafi yawan lokuta. Da farko akwai yabo da godiya, sai furta zunubi da neman gafara, sa'an nan kawo buƙata, daga ƙarshe a rufe da ambaton sunan Yesu, jama'a su amsa da amin. Wannan zubi yana kama da na rubutacciyar waƙar Hausa ta fuskar mabuɗi da marufi, inda marubuci yake farawa da yabon Ubangiji ya kuma kira kansa bawa mai yawan laifi. Amma ya fi kama da wani abu da kowane talaka a ƙasar Kano ya sani, wato shiga fada.

Talaka ba ya faɗa wa hakimi da magana kai tsaye. Yakan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zube ya yi gaisuwa, ya yi addu'ar tsawon rai da nasara, fadawa su amsa masa a madadin mai sarauta. Buƙatarsa ita ce ta ƙarshe da za ta fito daga bakinsa, kuma sau da yawa ma ba shi ne zai faɗe ta ba, domin ya riga ya kama ƙafa da wani na kusa da sarki. Wannan hoto ya shiga addu'ar Kirista Bahaushe sosai. Ana kiran Allah Sarkin sarakuna, Mai iko duka, Maɗaukaki, masu addu'a kuma suna kiran kansu bayi, ko ƙura, ko waɗanda ba su isa kome ba. Rufe addu'a da sunan Yesu ma ana fahimtarsa da sauƙi ta wannan hanya, domin kamun ƙafa ne. Mai laifi ba shi da fuskar tsayawa gaban sarki, sai ya shiga a bayan wanda sarki ba ya ƙin maganarsa. A nan al'ada ta taimaki aƙida ƙwarai. Abin da masu tauhidin Kirista suke rubuta dogayen shafuka a kansa game da matsakanci, talakan Kura ya gane shi da kalmomi biyu.

To amma fada tana da wata fuska. Ladabin fada ba kullum yake fitowa daga zuciya ba, kuma Hausawa da kansu sun san haka, shi ya sa suke da kalmomin fadanci da bambaɗanci. Karin maganar nan da ke cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne ta bayyana komai: ana durƙusawa ne don a sami abin da ake so, in an samu a miƙe da tsawon da aka zo da shi. Wannan tawali'un dabara ne. Maroƙi ma da yake wasa mai kuɗi da kirari, ba don ya ga kansa ƙarami ba ne, jira yake a sa hannu a aljihu. Idan yabon da ke buɗe addu'a ya yi tsawo, ana jero sunaye da kirari ana ɗaga murya, sa'an nan buƙata ta biyo baya nan take, mai saurare Bahaushe ba zai rasa jin ƙamshin roƙon maroƙa ba. Babu laifi ga yabon a kan kansa, Zabura cike take da shi. Matsalar ita ce inda yabon ya zama kuɗin shiga. Kuma a Matiyu sura 6 an yi gargaɗi a kan yawan maimaita kalmomi da tsammanin yawansu ne zai sa a ji, an kuma yi gargaɗi a kan addu'ar da ake yi don mutane su gani. Ta fuskar salo, addu'ar da ta fi nuna tawali'u a majami'un karkara sau da yawa ita ce ta tsofaffin mata a taron zumuntar mata, gajeriya, wadda ke ambaton ciwon jika da kuɗin makaranta da sunansu, ba tare da ado ba.

Cocin Angilikan ta bi wata hanya dabam, domin addu'o'inta a rubuce suke, an juyo su ne daga littafin addu'ar da Thomas Cranmer ya tsara a Ingila a 1549. A cikinsu akwai wadda ake yi kafin cin Jibin Ubangiji, inda jama'a suke furta cewa ba su cancanci ko tsintar ɓarɓashin da ke faɗowa daga teburinsa ba. Tushen hoton shi ne labarin macen nan Bakan'aniya a Matiyu sura 15, wadda aka kwatanta matsayinta da na karnuka, ta kuwa karɓi kwatancin ta ci gaba da roƙo. A ƙasar Hausa, inda kiran mutum kare zagi ne mai nauyi, wannan labari ya fi zafi fiye da yadda yake a kunnen Bature mai kwana da karensa a ɗaki. Rubutacciyar addu'a tana kare mai yi daga bambaɗanci, tun da ba shi da damar ƙara gishiri. Amma tana da nata haɗari, wato a haddace ta baki yana faɗa zuciya tana gona.

4.3 Uba da Ubangiji

Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa tana farawa ne da kiran Allah Uba. Ga maƙwabci Musulmi wannan kalma ba ta da gurbi a maganar Allah ko kaɗan, Kiristoci kuma suna bayyana cewa ba haihuwa ta jiki suke nufi ba. Wannan muhawara ba ita ce aikin wannan babi ba. Abin dubawa shi ne me kalmar take ɗauke da shi a gidan Bahaushe.

Masu wa'azin da suka yi karatu a littattafan Turawa sukan ce kiran Allah Uba yana nuna sakin jiki, irin na yaron da ke hawa cinyar mahaifinsa. A gidan Bahaushe na karkara ba haka abin yake ba. Ɗa ba ya kiran sunan mahaifinsa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya zama a kan abin da yake zaune, kuma idan ɗan fari ne akwai kunya a tsakaninsu har uban ma ba ya ambaton sunansa. Buƙatar yaro takan bi ta wajen uwa ko kaka kafin ta isa. Ke nan kalmar Uba a Hausa ta zo da kwarjini fiye da sakewa. Wannan ya sauƙaƙa wa Kirista Bahaushe tawali'u, ya kuma wahalar masa da kusanci, alhali littafin yana neman duka biyun a lokaci ɗaya.

Kalmar Ubangiji ta fi dacewa da wannan matsayi, kuma ita asalin Hausa ce, daga uba da giji, wato tsohuwar siffar gida. Ma'anarta uban gida, kuma da ita ake kiran mai bawa a zamanin da. A cikin kalma ɗaya an sami uba da mai mallaka. Wani abin lura kuma shi ne wakilin suna. A Kano yaro mai tarbiyya yakan ce Baba sun fita, ya jam'inta don girmamawa. Amma a addu'a, Musulmi da Kirista duka da "kai" suke magana da Allah, domin jam'i zai taɓa kaɗaitakarsa. Don haka hanyar girmamawa mafi sauƙi a nahawun Hausa a rufe take ga mai addu'a, dole ya nemi wata.

4.4 Hula da Takalmi

Bahaushe yana girmama na gaba da tuɓe takalmi, hularsa kuwa tana kansa, domin zuwa gaban manya kai ba hula rashin kamala ne. A yawancin majami'u an juya wannan: namiji ya cire hula ya shiga da takalmi, mace ta ɗaura ɗankwali. Cire hular yana da madogara a wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa sura 11, amma shiga da takalmi al'adar Turawan mishan ce kawai, domin a Fitowa sura 3 takalmi aka umarci Musa ya tuɓe. Abin da ya biyo baya shi ne maƙwabcin da ya leƙa majami'a ya ga mutane zaune a kan benci da takalmansu, ba zai ga alamar tawali'u ko ɗaya da ya sani ba.

4.5 Bafarisiye da Mai Karɓar Haraji

Babu nassin da ake yawan jawowa a kan wannan jigo kamar misalin da ke Luka 18:9-14. Mutum biyu suka shiga Haikali yin addu'a. Bafarisiye ya gode wa Allah da bai yi shi kamar sauran mutane ba, ya lissafa azuminsa da zakkarsa. Mai karɓar haraji ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga ido sama, yana dukan ƙirjinsa yana neman jinƙai. Shi ne aka ce ya koma gida karɓaɓɓe.

Abubuwa biyu na farko da mai harajin ya yi, tsayawa nesa da sunkuyar da ido, Hausa ce tsantsa, ba su buƙatar bayani. Na uku kuwa tarko ne. A wurin Yahudawa dukan ƙirji alamar nadama ce da baƙin ciki. A Hausa kuwa idan aka ce wane ya bugi ƙirji, ana nufin ya yi taƙama, ya ce shi zai iya. Mai fassara ko mai wa'azin da ya kawo kalmomin yadda suke bai ƙara bayani ba, ya ɗora wa mai tuba halin Bafarisiye ke nan, misalin kuma ya kife.

Haka kuma mai karɓar haraji ba baƙo ba ne ga dattawan wannan yanki. Kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, sun ga yadda masu unguwa da dagatai suke bi gida gida, sun ga wanda ya sayar da akuya ko ya gudu ci-rani don ya kasa biya. A wurinsu mai karɓar haraji mutum ne mai ƙarfi da ake tsoro. Don haka misalin yana gaya musu abu mai ɗaci, cewa wanda ya ƙwace musu akuya zai iya samun karɓuwa, mai yawan ibada kuma ya rasa. Matasan da aka haifa bayan 1979 ba su jin wannan ɗaci, sai an yi musu bayani. Akwai kuma wani tarko da ƙaramar al'umma takan faɗa: ta karanta misalin ta ɗauki kanta mai harajin, ta ɗora Bafarisiye a kan masu wani addini ko wata ɗariƙa. Wanda ya yi haka ya maimaita addu'ar Bafarisiyen ne da wasu kalmomi.

A farkon wannan sura ta 18 akwai labarin gwauruwar da ta dami alƙali da zarya har ya bi mata hakkinta, a sura 11 kuma akwai mutumin da ya ƙwanƙwasa wa abokinsa ƙofa da tsakar dare yana neman abincin baƙo. An yaba wa dukansu saboda naci. Bahaushe kuwa yana ganin naci rashin kunya ne, kuma yana cewa in da kwaɗayi da wulaƙanci. Mai kunya yakan tambaya sau ɗaya, in ba a ba shi ba ya ce haƙuri. A nan tawali'un littafin ya rabu da kunyar Hausa. Ko a Gatsemani, Yesu ya fara roƙo ne a fili cewa a ɗauke masa wahalar, har sau uku, tare da miƙa wuya ga nufin Uban. Wanda ya tsallake roƙon ya faɗa kan haƙuri tun farko, wataƙila bai yarda ne a ga gazawarsa ba, girman kai kuwa rawanin tsiya ne ko da an naɗa shi da sunan kunya. A ɗaya gefen, salon addu'ar majami'un Fentikos da ya bazu a Nijeriya tun shekarun 1970 ya ɗauki nacin ya bar durƙuson, har ana jin mai addu'a yana ba da umarni kamar mai bin bashi. Matasa suna sha'awar wannan salo, dattawa kuwa suna jin sa kamar tsawa a gaban sarki.

4.6 Ruwan Sama da Ruwan Kanal

Manomin damina ya san iyakarsa. Yana shuka ya ɗaga kai sama, kuma farin 1973 ya koya wa wannan ƙasa cewa ba wanda ke da iko da hadari. Roƙon ruwa, a masallacin idi ko a majami'a, shi ne addu'ar da tawali'u yake zuwa a cikinta ba tare da an koya wa kowa ba. Amma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma buɗe aikin noman rani na Kogin Kano wanda aka tsara wa kimanin hekta 22,000 a kashi na farko, manomin Kura da Bunkure da Garun Malam ya sami ruwan da ba daga gajimare yake saukowa ba. Ma'aikacin hukuma ne yake buɗe ƙofa ruwa ya taho. Mai shinkafa da alkama da tumatir yana iya girbi sau biyu a shekara, kuma yana iya zaton hannunsa ne ya ba shi.

Buƙatun addu'a sun sauya tare da noman. Yanzu abin roƙo shi ne farashin kwando a kasuwar Kwanar Gafan, da samun taki a kan lokaci, da kada kacalla ta toshe hanyar ruwa. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki jim kaɗan bayan buɗe ta, don babu abin sarrafawa. Ruwa yana nan a kanal, amfani kuwa babu.

Noman rani ya kuma kawo wata jarrabawa da damina ba ta da ita. Ruwan sama yana sauka a gonar kowa, ba wanda zai tare wa wani. Ruwan kanal kuwa sai ya wuce ta gonar na sama kafin ya kai ga na ƙasa, kuma saɓani tsakanin masu gonakin bakin ƙofa da na ƙarshen layi abu ne sananne a duk inda ake ban ruwa. Na sama yana iya datse ruwa da dare ya ƙoshi, shukar na ƙasa ta bushe. A Matiyu 5:23-24 an umarci wanda ya kawo baiko, ya kuma tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. A sujadar godiyar kaka, inda ake shigo da buhunan shinkafa gaban jama'a, mai gonar bakin ƙofa ne yakan kawo mafi yawa, shi ne kuma za a fi so a ba addu'a. Kalmomin da zai faɗa su ne waɗanda aka feɗe a sashe na 4.2, bawa da ƙura da wanda bai isa kome ba, mai gonar ƙarshen layi kuwa yana zaune a bencin baya, shi ma ana jiran ya ce amin.